Mai shagon faifai da ke DJ da dare: a dogara da kunnensa ko a yi hattara?

Bashir_Barlin:
Assalamu alaikum 'yan gida. Duk lokacin da aka taɓo tarihin kiɗan rawa na bayan fage, irin su tekno da hawus, sunayen manyan DJ ake kira, ko na gidajen rawa. Ni kuwa a ganina wanda ya fi kowa yi wa kiɗan nan aiki shi ne mai ƙaramin shagon faifai, mutumin da ke tsaye bayan kanta da rana, da dare kuma ya saɓa jakarsa ya tafi sakin kiɗa.

Ku dubi Mark Ernestus. A 1989, shekarar da katangar Barlin ta faɗi, ya buɗe Hard Wax a unguwar Kreuzberg. Ta shagon nan fayafayan Ditroit da Shikago suka riƙa shigowa hannun matasan Jamus, kafin ma a buɗe gidan rawa na Tresor a 1991. DJ Hell da Electric Indigo da Marcel Dettmann duk sun tsaya bayan kantar nan. A Amsterdam kuma akwai Antal, wanda shi da abokinsa suka kafa Rush Hour a 1997, har yau yana riƙe da shago yana kuma yawon sakin kiɗa a duniya.

To amma wani abokina ya ce mini mutumin da ke sayarwa kuma yake sakin kiɗa ba abin yarda ba ne, domin mai kyan zai ɓoye wa kansa ya ba ka saura. Me kuke gani?

Ummi_Landan:
Wa'alaikumus salam. Abokinka yana da gaskiya rabi. Ana ɓoyewa, kuma ba a asirce ba. Idan faifai ya iso kwafi biyar kacal, ba a jera shi a bango. Ƙarƙashin kanta yake zuwa, sai wanda aka san fuskarsa ya shigo a zaro masa. Amma wannan ba kan mai shago kaɗai ba ne, tsarin ke nan.

Garba_Mai_Kaset:
Ni dattijo ne a cikinku, ban san tekno ba, amma na sayar da kaset shekaru masu yawa a Kano, kuma maganar ɓoye wa na gida kaya ba sabuwa ba ce. Wanda ke zuwa kullum, ya saya ko bai saya ba ya zauna ku yi hira, shi kake tunawa idan sabon abu ya sauka. Ba zalunci ba ne. Wanda ya zo sau ɗaya ya tafi, ina za ka gan shi ka ba shi?

DJ_Tsakar_Dare:
Baba Garba, Allah ya ƙara girma, amma akwai bambanci. Kai ba ka fita da dare ka yi gasa da masu sayen kayanka. Mai shagon da ke DJ abokin hamayyar kwastomansa ne. Ni da shi za mu iya haɗuwa a wuri ɗaya daren Asabar, shi ya fara ni in biyo. Idan ya ga faifan da zai tayar da fili, kuma guda ɗaya ya rage, wa kake jin zai samu?

Bashir_Barlin:
@DJ_Tsakar_Dare shi zai samu, ban musa ba. Amma ka lissafa abin da ka samu a madadin haka. Bari in kwatanta wa waɗanda ba su taɓa shiga irin shagon ba.

Za ka tarar da na'urorin juya faifai a jere jikin bango, kowace da abin sa wa a kunne. Ka ɗebo fayafayai goma daga cikin akwatuna, ka tsaya, ka zaro ɗaya daga rigarsa ka riƙe shi ta gefe kada yatsa ya taɓa zanen, ka ɗora allura a farko, ka ɗaga ta ka ajiye a tsakiya, ka juya ɗaya fuskar. Ba wanda zai ce ka gaggauta. Mai shago yana can yana haɗa saƙonnin da za a kai gidan waya, amma idonsa na kanka. Ya ga wanda ka daɗe a kai, ya ga wanda ka mayar cikin daƙiƙa goma. Can sai ya taso ba tare da ya ce uffan ba, ya ajiye maka guda uku a gefe ya koma. Sau da yawa cikin ukun nan akwai mai farar takarda, ba sunan mai kiɗa, ba hoto, sai hatimin roba kawai. Kuma shi ne za ka tafi da shi gida.

Ya san wannan faifan ne domin ya sake shi da ƙarfe huɗu na asuba a gaban mutum ɗari biyu, ya ga abin da ya yi musu. Ɗan kasuwa zalla ba shi da wannan ilimin.

Rukayya_A:
Ai manhajojin sauraron kiɗa ma suna yin haka yanzu. Suna lura da abin da kake ji su kawo maka makamancinsa, kuma ba sai ka fita cikin sanyi ba.

Ummi_Landan:
Makamancinsa, Rukayya, nan matsalar take. Manhaja tana ƙara maka irin abin da ka riga ka so. Mutum kuwa yana iya cewa "bar wannan, ji wancan," ya kai ka inda ba ka nufa ba. Sannan da yawa daga kiɗan nan ba ya kan manhajojin ma. Akwai masu buga faifai kwafi 300, su ƙi sa shi ko'ina a intanet.

Kuma tunda Bashir ya kawo na Jamus da Holan, bari in kawo na nan Ingila. A Croydon, kudancin Landan, akwai wani shago a titin kasuwar Surrey Street mai suna Big Apple Records, na John Kennedy. Hatcha yana bayan kanta yana kuma DJ, Artwork yana da ɗakin haɗa kiɗa a saman bene, Skream da Benga kuma yara ne 'yan makaranta da ke zarya a wurin. Su haɗa kiɗa a kwamfuta su kawo, Hatcha ya ɗauki wanda ya yi masa, a yanka masa shi a faifai guda ɗaya tak ya je ya sake shi a rediyon Rinse FM da daren rawa mai suna FWD. Daga nan kiɗan dubstep ya taso. Shagon ya rufe a 2004, kafin duniya ta san kiɗan. Yanzu ku gaya mini wace manhaja ce za ta ba yaro ɗan shekara 15 wurin tsayawa bayan an tashi makaranta.

Sani_Michigan:
Gyara kaɗan ga Malam Bashir. Yadda ka faɗa kamar Barlin ce ta yi wa Ditroit gata. Kafin faifan ya ƙetare teku sai da wasu suka yi dakonsa a gida. Mike Banks da Jeff Mills suka kafa ƙungiyar tekno ta Underground Resistance, kuma Banks ɗin yana cikin waɗanda suka tsayar da kamfanin rarraba faifai na Submerge domin baƙaƙen fata masu kiɗan su rarraba kayansu da kansu, kada wani babban kamfani ya riƙe musu wuya. Gininsu yana lamba 3000 a East Grand Boulevard, akwai shago a ciki da ɗan gidan tarihi na tekno. Kan titin ɗaya yake da tsohon gidan kamfanin waƙa na Motown.

Sannan ba mai shago kaɗai ba. Marigayi Mike Huckaby ba shi ya mallaki shagon faifai na Record Time ba, ma'aikaci ne mai kula da sashen kiɗan rawa, amma DJ nawa ne a garin nan suka koyi sauraro a hannunsa? Bayan haka ya koyar da yara haɗa kiɗa a cibiyar YouthVille. Ya rasu a Afrilun 2020. Har yau idan aka ambace shi a nan za ka ga mutane sun yi shiru.

Bashir_Barlin:
Na gode Yaya Sani. Wannan ƙarin hujja ce gare ni ai. Mai shago ko yaron shago, maganata a kan mutumin bayan kanta ce.

Sani_Michigan:
A'a, ba ɗaya ba ne. Yaron shago yana da albashi, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Mai shago shi ke kwana da tunanin kuɗin haya. Shi ya sa yaron shago ya fi sakin jiki ya gaya maka gaskiya a kan faifai.

Malam_Nura77:
Ku yi haƙuri in shigo da abin da ba a tambaya ba. Ina karanta ku kuna yabon mutanen nan, amma wuraren da suke sakin kiɗan nan fa? Giya da ƙwaya da kwana a waje. Ina jin tsoron ƙannenmu da ke cikin zauren nan su ɗauka wannan rayuwa abin koyi ce.

Ummi_Landan:
Malam, damuwarka a kan hanya take, kuma ba zan ce babu waɗannan abubuwa a gidajen rawa ba, akwai. Amma shagon faifai da rana yake buɗewa, kuma ba a sayar da komai a ciki sai faifai. Na san masu saye da yawa da ba su taɓa taka gidan rawa ba, a ɗakinsu suke ji. Ni kaina haka nake.

Malam_Nura77:
Na ji. Ina dai tunatarwa ne. Allah ya kiyaye mana zuri'a.

Garba_Mai_Kaset:
Amin Malam.

Injiniya_Sauti:
Bari in dawo da mu kan kuɗi, domin tambayar Bashir ba za ta amsu ba sai an san yadda mutumin nan ke ci.

Faifan rawa mai inci 12 yawanci kiɗa ɗaya ne ko biyu a kowace fuska. Da gangan ake yin haka: idan zanen ya samu fili ya yi faɗi, sauti ya fi ƙarfi, gangar ƙasa ta fi cika. Kafin a buga sai an yanka kiɗan a kan wani faranti mai laushi, daga shi a yi tambarin ƙarfe, sannan a matsa roba. Kowane mataki kuɗi ne, kuma kuɗin yanka ɗaya ne ko kwafi 300 za ka buga ko 30,000. Ƙaramin mai bugawa ke nan ya fara da asara a wuyansa. Daga shi sai dillali mai rarrabawa ya cire nasa, sai kuɗin jigila, sai haraji. Abin da ke saura wa mai shago a kan faifai ɗaya bai taka kara ya karya ba.

Ga kuma abin da ya faru a Fabrairun 2020: gobara ta cinye masana'antar Apollo Masters a Kalifoniya, wadda a lokacin ita da wani kamfani guda a Japan ne ke yin farantin yankan nan. Sai annobar korona ta biyo baya. Manyan kamfanonin waƙa kuma suka dawo kan faifai suka cika masana'antun bugawa da odarsu, ƙananan masu tekno da suka riƙe masana'antun nan lokacin da kowa ya gudu sai suka koma ƙarshen layi, suna jiran watanni.

Saboda haka mafi yawansu ba don sha'awa kaɗai suke haɗa sana'a biyu ba. Kuɗin daren Asabar ne ke biyan hayar shago. Wasu su ƙara da buga faifai da sunan shagon, wasu da rarrabawa, kamar yadda Rush Hour ke yi. Su Ernestus har ɗakin yanka faifai suka kafa, mai suna Dubplates & Mastering.

Rukayya_A:
To ba an ce kasuwar faifai ta farfaɗo ba? Na ga labarin cewa a Amurka a 2022 an sayar da faifai fiye da CD, karon farko tun 1987.

Injiniya_Sauti:
Haka ne, ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka ce ta fitar da shi. Amma duba waɗanda ke saman jerin: manyan taurari ne, da tsofaffin kundaye da ake sake bugawa, ana sayarwa har a manyan kantuna. Wannan cinikin ba ya isa wurin mai farar takarda da hatimin roba. Ƙari ma yake yi masa na tsada da jira.

DJ_Tsakar_Dare:
Bayanin Injiniya ya ƙara mini shakku ne ma. Idan shagon ne ya buga faifan, shi ke rarraba shi, shi ke sayar da shi, mai shagon kuma shi ke sakinsa da dare, to idan ya ce mini "wannan ya yi," kunnensa ne ke magana ko aljihunsa? Na taɓa sayen fayafayai a wani shago bisa shawarar mai shi, na zo gida na tarar rabinsu nasa ne da suka ƙi fita. Ban koma ba.

Garba_Mai_Kaset:
To ka ga ai ka ba kanka amsa, ɗana. Ba ka koma ba. Mai irin wannan sana'a da mutum ɗari ko ɗari biyu yake rayuwa, su ne dai kullum. Ya cuci goma, kasuwarsa ta mutu. Mahaucin da iyalinsa ke cin naman teburinsa ya fi wuya ya yanka maras lafiya. Wanda zai tsaya gaban jama'a ya saki abin da yake sayarwa, idan banza ne a fuskarsa za a nuna masa.

Abdou_Yamai:
Sannunku. Ina bin zancen daga Yamai. Akwai inda abin ya taɓo mu kai tsaye. Mamman Sani namu na nan Nijar ya naɗi kiɗansa na organ a ƙarshen shekarun 1970, kaset kaɗan aka yi, sai dai kowa ya san sautin domin rediyo da talabijin na ƙasa sun daɗe suna sa shi tsakanin shirye-shirye. A 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a faifai. Su wa suka kai shi kunnen Turawa? Irin shagunan nan ne da DJ ɗinsu. Daga baya dattijon ya je Turai ya yi wasa. Hama ma, mai kiɗan kibod na nan Yamai, ta wannan hanya aka san shi a waje.

Shi Ernestus da Bashir ya ambata, ai Dakar ya tafi ya yi aiki da makaɗan gangar sabar na Senegal, suka kafa ƙungiyar Ndagga Rhythm Force.

Ɗan_Zango_Kumasi:
Abdou, ka faɗi mai daɗin, bari in faɗi ɗaya gefen. Mahaifinmu ya bar fayafayai cike da akwatin ƙarfe, na hailaif da na Najeriya na shekarun 1970. Wani Bature ya zo da ɗan rakiya, ya zauna a tsakar gida da 'yar na'urarsa mai batir, ya ji ɗaya bayan ɗaya, ya ware kusan ashirin, ya ba yayarmu kuɗin da ta ga kamar alheri ne. Daga baya wani ɗanmu ya nuna mana farashin irinsu a Discogs, shafin cinikin faifai na intanet. Guda ɗaya ya fi abin da aka ba ta gaba ɗaya. Mutumin nan mai shago ne kuma DJ a ƙasarsu. Kunnensa yana da kyau, ba shakka. Da kunnen ya cuce mu.

Ummi_Landan:
Subhanallah. Wannan ba daidai ba ne, kuma ba ku kaɗai ba ne. An kwashe da yawa daga Legas da Akara da Kotonu a haka.

Abdou_Yamai:
Allah ya mayar muku da alheri. Shi ya sa nake raba mai sayen tsohon faifai ya sayar da tsada, da mai neman makaɗin ko magadansa a yi yarjejeniya a biya su kafin a sake bugawa. Duk wanda ke da kayan gado irin wannan, kada ya sayar sai ya duba lambar da ke jikin takardar tsakiya ya bincika a intanet.

Sani_Michigan:
Abin da ya sa su Mike Banks suka dage a kan mallakar komai da kansu ke nan. A Maris 2024 Jamus ta sa al'adar tekno ta Barlin cikin jerin kayan gadonta na ƙasa. Mutane da yawa a nan Ditroit sun ji abin a ransu, domin garin da ya haifi kiɗan, garin su Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, har yanzu ƙarfe biyu na dare ake daina sayar da abin sha a gidajen rawarsa, masu wuraren suna fama. Wanda ya saya ya adana ya fi wanda ya ƙirƙira cin moriya.

Bashir_Barlin:
Yaya Sani, a nan kam ina tare da kai, kuma labarin Ɗan Zango ya taɓa ni. Sai dai har yanzu ina kan bakata a kan asalin magana. A Shikago akwai Gramaphone Records tun 1969. Derrick Carter, DJ Sneak, Mark Farina da DJ Heather duk sun yi aiki a ciki, kuma mai shi na yanzu, Michael Serafini, DJ ne da ke sakin kiɗa daren Lahadi a gidan rawa na Smartbar. Gidajen rawa nawa aka buɗe aka rufe a garin tun daga Warehouse na zamanin Frankie Knuckles? Shagon yana nan. A nan ne yaro ke zuwa ya tambaya ba tare da ya biya kuɗin ƙofa ba.

DJ_Tsakar_Dare:
Ya tambaya, in an ga dama a amsa masa. Kada mu manta wasu shagunan nan sun yi suna wajen ɗaure fuska. Baƙo ya shigo ya faɗi sunan da ba su so, a kalle shi sama da ƙasa. Mata ma sun fi shan wannan.

Ummi_Landan:
Wannan gaskiya ne, na sha shi. Ka tambayi faifai a ce "na saurayinki ne?" Amma na kuma samu wanda ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake daidaita nauyin allura, bai karɓi ko sisi ba. Shagon farko ban sake zuwa ba, na biyun kuwa duk wata ina can.

Rukayya_A:
Anti Ummi, tunda kin ambaci allura. Akwai tsohuwar na'urar juya faifai ƙirar Technics a gidan kawuna a Kaduna, ya ce in ɗauka idan ina so. Tana juyawa amma ba allura. Ana samu kuwa, ko sai an aiko daga waje?

Injiniya_Sauti:
Idan SL-1200 ce, riƙe ta da hannu biyu. Tun 1972 ake yin ta, samfurin MK2 na 1979 shi ne DJ suka runguma, an daina yi a 2010 aka dawo da ita a 2016, kuma kayan gyaranta ba sa wuyar samu. Ɗauki hoton kan hannun da bayan na'urar ki turo, in ga ko allurar kaɗai za a sauya ko har da gidanta. Kuma kada ki jona ta da wuta kafin mu duba ko ta 110 ce ko ta 220.

Garba_Mai_Kaset:
Rukayya, idan kin gyara ki sanar da ni. Ina da fayafayan garmaho na Shata da Ɗan Maraya a ajiye, ba na sayarwa ba ne, amma zan so in sake jin su.

Injiniya_Sauti:
Baba, a duba gudun da aka rubuta a jikinsu tukuna. Idan 33 ne ko 45, za ta ɗauka. Idan masu nauyin nan ne na 78, MK2 ba ta da wannan gudun, kuma allurarsu daban ce.

DJ_Tsakar_Dare:
@Bashir_Barlin ba ka amsa mini ba fa. Faifai ɗaya ya rage, ni da mai shago duk muna so, kuma ni na riga shi ɗauka daga akwati. Ya kamata ya sayar mini ko a'a?